Inda Batulu Ke Tsayawa

Kubwa, 4 ga Maris

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan jiki yana ƙara sauƙi. Tunda likita ya ce rubutu ma magani ne ga hannun da ya shanye, waya kuma tana gajiyar da harshenka, ga ni na koma takarda da biro kamar 'yar makarantar kwana. Nababa direba ya ce daga yau shi ne gidan wayarmu.

Baba, cikina ya shiga wata shida. Jiya ina ninke kayan jarirai na nemi waƙar renon da Umma take yi mini, na rasa ko ɗigonta. Ina da shekara uku ta rasu, ban riƙe komai ba. Kai kaɗai ka santa, ga shi ciwo ya hana ka rerawa. Ba zan ɓoye maka ba, sai da na yi kuka.

Ga dabarar da ta zo mini. Dama aikin haɗa kiɗan talla da nake yi a gidan rediyo yana buƙatar fiyanon lantarki, irin wanda ake jonawa da kwamfuta. Shi ba sauti yake aika mata ba. Rubutawa ake yi: wane madanni aka danna, yaushe, kuma da wane ƙarfi. In na saya sai in fara kawo maka, ka kaɗa mini waƙar da yatsa tunda baki ya ƙi.

Na je wani shago a Wuse, mai shagon Solomon ya nuna mini guda biyu. Ɗaya ƙarami ne, madannansa sittin da ɗaya masu laushi, amma ba ya magana sai an jona shi da kwamfuta. Ɗayan babba ne, tamanin da takwas, masu nauyi kamar na fiyanon katako, da lasifikarsa a jiki. Solomon ya dafa ƙaramin ya ce, "Madam, wannan ba wahala, ko jariri za ta iya danna shi." Saboda hannunka, shi na fi karkata in ɗauka. Me ka gani?

'Yarka,
Mashkura


Abaji, 9 ga Maris

Zuwa ga Mashkura,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na gode Allah da lafiyarki da ta abin da kike ɗauke da shi. Ki yi haƙuri da rubutuna, kamar kaza ta bi ta kan tawada. Kwana biyu na yi ina wannan shafin.

Wato shekara talatin da ɗaya ina koyar da kiɗa a makarantar gwamnati, sakamakona shi ne a sayo mini abin da jariri zai iya dannawa. Ki gaishe mini da Solomon.

Bari malami ya yi aikinsa. Fiyanon da ba ya ture yatsa idan an danna shi ba fiyano ba ne, rediyo ne mai haƙora. Ki koma shagon. Ki danna madanni ɗaya a hankali kamar mai taɓa goshin mai barci, sannan ki doke shi. In sautin bai bambanta ba, ki yi gaba. Na biyu, kada ki sayi wanda sai ya nemi izinin kwamfuta kafin ya yi magana. Ranar da kwamfutar ta yi fushi fa? Na uku, ki tabbata akwai abin takawa na ƙafa, shi ke sa sauti ya daɗe yana numfashi.

Wannan shawara ce don aikinki. Maganar in kaɗa miki kuwa, ki bar ta. Hannun da cokali ke gagara ba shi zai ɗauki waƙar mahaifiyarki ba. Mutanen unguwar nan rabinsu ɗalibaina ne. Ba zan zauna su ji Malam Badaruddeen yana tuntuɓe a kan abin da ya sha dukan hannuwansu saboda shi ba. Ina jin kunya, ga gaskiyar.

Allah ya sauke ki lafiya.

Mahaifinki


Kubwa, 16 ga Maris

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Na koma shagon da takardarka a jaka kamar mai shiga jarrabawa. Na danna a hankali, na doka, na nemi abin takawa. Solomon ya tsaya yana kallona, ya ce, "Madam, wane oga ya aiko ki? Wannan ba tambayar customer ba ne." Na ce babana. Ya shiga ciki ya jawo na uku da bai nuna mini ba da farko.

Shi na saya. Madannansa tamanin da takwas ne masu nauyi, yana magana da kansa, yana kuma jonuwa da kwamfuta ta waya guda. Abin da ya ƙara jan hankalina, yana da jan maɓalli: in ka danna, duk abin da yatsa ya yi zai rubuta shi a filashi, ba sai kwamfuta tana kusa ba.

Yanzu ka saurari ɗalibarka. Akwai abin sawa a kunne, ko ƙadangaren tagarka ba zai ji ka ba, balle ɗalibanka. Kuma ba sai ka yi sauri ba. Ka kaɗa da yatsa ɗaya, ka huta, ka ci gaba. Tunda rubutu ne ba sauti ba, zan iya ƙara masa sauri, in goge kuskure, in daidaita shi yadda ba wanda zai san an yi tuntuɓe. Sannu ba ta hana zuwa, kai ka koya mini.

Nababa zai kawo shi ranar Asabar. Ya ce sai ya cire kujerar baya, kuma in ya karye a ramukan hanyar Gwagwalada ba ruwansa. Ban roƙe ka komai ba, Baba. Ajiya ce kawai na kawo, ɗakina ya yi ƙanƙanta.

Mashkura


Abaji, 20 ga Afrilu

Mashkura,

Sallama da gaisuwa. Kin ji ni shiru wata guda, ba fushi ba ne.

"Ajiya" kika ce. Wayonki irin na uwarki ne. Mako guda ajiyar tana jingine a falo da mayafi a kanta, ina wucewa ina harararta. Ran na takwas, bayan sallar walaha, na ce bari dai in duba ko Solomon ya cuce ki. Bai cuce ki ba. Madannin ya ture ni, na ture shi, sai na ga azahar ta yi.

Da farko yatsa uku ne kawai suke jin magana. Nauyin nan da kika so ki raba ni da shi, shi ya tashe su. Likita ya tambaye ni wane motsa jiki na ƙara, na ce kokawa nake yi da wani baƙo. Ki duba rubutuna ma, kazar ta fara nutsuwa.

Ga filashi a cikin ambulan, na naɗe shi da tsumma. Sau goma sha tara na ɗauka, wannan ne mai dama-dama. Komai lalacewar masa ta fi kashin shanu. Akwai inda yatsa ya zame ya taɓa maƙwabci, ki gyara. Ban taɓa kaɗa waƙar nan ba tun ranar da muka kai mahaifiyarki Batulu makwancinta.

Mahaifinki


Kubwa, 27 ga Afrilu

Baba,

Na gode, Allah ya ƙara maka lafiya. Na saka a kwamfuta, na ga sawun yatsunka a jere a kan allo, wasu manya wasu ƙanana. Ban san waƙar ba, amma na ji kamar na santa.

Na yi aikina yadda na iya. Zamiya bakwai na samu na goge. Na ƙara sauri kaɗan. Sai wani wuri, bayan kowane layi na biyu, da hannunka yake tsayawa ya daɗe kafin ya ci gaba, har sau huɗu. Na san gajiya ce, don haka na rufe gurbin, yanzu tana tafiya sumul ba ɗingishi. Abokan aikina sun ji sun ce ko a rediyo za ta shiga. Na sa maka a memori, ka saka a rediyonka ka ji kanka yadda kake a da.

'Yarka mai alfahari da kai,
Mashkura


Abaji, 2 ga Mayu

Mashkura,

Gaisuwa. Na saurara sau biyu. Aikinki ya yi kyau, zamiya bakwai ɗin nan na yafe su, Allah ya raka taki gona. Amma garin neman gira kin rasa ido. Wannan ba waƙar Batulu ba ce.

Tsayawar nan ba gajiya ba ce. Ita ce abin da na fi wahala a kai, don sai na ɗaga hannu na ƙirga a zuci kafin in sauke. Laifina ne da ban rubuta miki kalmomin ba. Layin farko tana cewa, "Gari ya waye, tsuntsu ya tashi." Na biyu ta ce, "Wace ce 'yar Batulu?" Daga nan sai ta yi shiru. Ko tana tsakiyar tankaɗe ne sai ta tsayar da rariya, ta juyo da kai wajen goyonta, ta jira.

Kina jaririya, gurnani kike yi mata ko ki shura ƙafa, ita kuwa ta karɓa a matsayin amsa. Da kika fara magana sai kike cewa "Ni". In kin yi barci ma ba ta tsallake wurin, sai ta jira daidai tsawon amsarki sannan ta ci gaba. Na taɓa yi mata gyara irin na malamai, na ce kiɗa ba ya son rami. Ta ce ba rami ba ne, kujerar 'yarta ce.

Wurinki ne kika goge. In kwamfutar ba ta manta ba, ki mayar.

Mahaifinki


Kubwa, 11 ga Yuni

Baba,

Assalamu alaikum. Na san an faɗa maka ta waya, amma ina so ka gani a rubuce: mace ce, muna lafiya, kuma Batulu za a raɗa mata jibi.

Kwamfuta ba ta manta ba. Na mayar da gurbin guda huɗu yadda ka bar su. Fiyanon kuma ya zauna wurinka, ni zan nemi ƙaramin nan na shagon Solomon in yi aiki da shi.

Da hantsin nan na kunna mata waƙar. Da aka zo wurin tsayawa ita ba ta ce komai ba, kwananta biyar a duniya. Ni ce na ji bakina ya ce "Ni".

'Yar Batulu,
Mashkura