Riɗin da ya zube a kan kabarinki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda 'ya ke yi wa uwa, ina fatan Allah ya yalwata makwancinki. Ni ce Zahra'u, autarki, daga Gadarif. Na san kin hana ni riƙe mutum a zuci, to yau dai ki yi haƙuri da ni, na riƙe Ɗahiru, kuma ban da niyyar sakinsa.

Kin tuna shi. Yaron da ya sauko daga lori lokacin yankan riɗi, ba uwa ba uba, ƙafarsa duk faso. Ke kika ba shi tabarma a zaure. In na yi ƙorafi ya cinye mana tuwo, sai ki ce, "Bar shi ya ci, Zahra, maraya ne." Yanzu shi ne Haj Ɗahir, wakilin babban mashru, wato gandun noma, mai taraktoci da farar jallabiya. Ranar da aka kai ki, shi ya riƙe makararki ta gefen dama. Ya san inda kike sarai.

Bayan rasuwarki rijiyar ƙauyenmu, Hillar Malam Baƙo, ta ƙafe, muka watse, wasu Showak, wasu Gadarif. Muka bar ku a can. Kin san yadda muke binne namu, ba suna, ba siminti, sai fasasshen kasko da ɗan icce wajen kai. Ni ma da nake mace ban bi ki ba, ban san wanne ne naki ba.

Akwai wata taswira, Inna, da ke cikin waya. Ba ta gwamnati ba ce, ba ta wani attajiri ba ce. Mutane ne a faɗin duniya suke zana ta kyauta, kowa ya sa abin da ya sani, manhajar kuma a buɗe take, duk mai ilimi zai iya leƙa cikinta ya gyara. Wasu bayin Allah a can nesa suka dubi hoton yankinmu daga sama, hoton damina, ciyawa ta rufe ku. Suka rubuta gona. Ban ga laifinsu ba, ina za su san kasko yana nufin mutum?

Ɗahiru ya buga wannan taswira a takarda ya kai ofishin filaye, ya ce ga shi, ba komai a wurin. Ya sa tarakta ta bi ta kanku, ya shuka riɗi.

Abin da bai sani ba, na iya aikin gyaran taswirar. Na koye shi a sansanin Umm Rakuba, lokacin da muke sa famfuna da asibitoci a taswirar don 'yan gudun hijira su san inda za su nufa. Na bi gidajen mutanen hillarmu ɗaya bayan ɗaya. Duk namijin da ya taɓa kai gawa wurin nan ya je da waya, ya tsaya inda ya tuna, ya danna. Kawu Sale ya tafi da sandarsa yana kuka, ya tsaya a kanki a cikin riɗin Ɗahiru. Suka ɗauki hoton kasaken da garma ta tono. Na haɗa duka, na zagaye wurin, na rubuta Maƙabartar Hillar Malam Baƙo da Larabci da Hausa.

Ɗahiru ya sa wani ya goge. Kafin in buɗe waya, wata mata da ban taɓa gani ba, a ƙasar da ban san ta ba, ta ga hotunan ta mayar. Ya sake gogewa, aka sake mayarwa. Na yi dariya har da hawaye, Inna. Mutumin da ya saba sayen kowa ya rasa wanda zai saya.

Ofishin filaye har yanzu shiru, amma ni ba su nake jira ba. Kaka nake jira. Ke kika koya mini cewa riɗi ba ya haƙuri, in ya nuna ba a yanke ba, sai ya fashe ya zube. Direbobin da ke kawo masu yanka da taswirar nan suke bin hanyoyin cikin gonaki, don tana aiki ko babu layi. Direban da ya kawo wa Ɗahiru masu yanka ya ga sunan, ya nuna wa mutanensa. Suka sauko da laujensu, suka ga kasake tsakanin kunyoyi. Musulminsu suka ɗaga hannu suka yi muku addu'a, Habashawan cikinsu suka sunkuyar da kai, duk suka koma lori. Labari ya kai Fashaga, inda ake ɗebo masu yanka, kafin lorin ya kai. Ɗahiru ya ninka lada, ba wanda ya zo, har sauran gonar suka ƙi taɓawa.

Ya aiko liman ya roƙe ni in cire sunan, wai ya tuba. Na ce ya je ya gaya miki da bakinsa, tunda ya san wurin. Ban yafe ba. Ina so duk damina ya dubi filin nan ya tuna tuwonki. Ina so jikokinsa su buɗe waya su ga abin da kakansu ya nome.

Jiya na je, karo na farko. Wayar ta kai ni har inda Kawu ya danna. Riɗin duk ya fashe, ƙasa ta yi fari, kurciyoyi suna ta tsinta. Na durƙusa na ɗebo a tafin hannu, sai na tuna kantun da kike yi mana, kina ɓoye mini mai girma a gefen zane. Innata, yau na san inda kike.

Allah ya ji ƙanki, ya sa abin da tsuntsayen nan suka ci ya zama sadaka a gare ki da maƙwabtanki. Ni kuma, in ya ga dama, ya sanyaya mini zuciya. Ban dai roƙe shi ya yi sauri ba.

'Yarki mai kewarki,
Zahra'u