Guzurin Baba

Tarka, daren Laraba, farkon damina

Gobe Baba zai kora shanu arewa, tafiyar kwana uku. Na sayo masa biskit daga Tanut, ina ta murna. Inna ta ɗanɗana ta ce, "Ɗan nan, wannan zaƙi ne kawai. Kafin azahar yunwa za ta kayar mini da tsoho." Ta tashi ta daka masa dakuwa da gyaɗa da gero da dabino, mai laushi saboda haƙoransa. Kunya ta kama ni.

Baba ya cika burgaminsa da dakuwar, sannan ya sa biskit biyu a aljihu, ya ce, "Waɗannan sai ranar da na yi kewarka."

Allah Ya dawo mana da shi lafiya.