Idon Dama na Mai Gyaran Agogo

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a hannuna. Kin san Baba da kunne kamar na zomo, ko a ƙuryar ɗaki na amsa kira sai ya tambaye ni abin da muka ce. Shi ya sa na rubuta na ba direban da ke zuwa garinku.

Yaya, Baba ba lafiya. Ido ne, kuma na dama, idon aikinsa. Ranar Litinin ya dawo daga shagon agogo tun rana ba ta yi tsaka ba, yana dafe da kai, wai kamar ana buga masa ƙusa a gira. Ya yi amai sau biyu. Idan ya kalli fitila sai ya ga zobba masu launi kewaye da ita. Sai Laraba muka kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne mai zuwa farat ɗaya, ruwan cikin idon ya rasa hanyar fita. Ya yi mana faɗa sosai kan kwana biyun da muka ɓata. Sun sa masa magunguna, amma idon ya ƙi sauka yadda suke so, har likitan ya ce abin ya ɗaure masa kai.

Mama ba ta iya komai sai kuka. 'Yata Mitsitsiya tana lafiya. Ina nan ina ɗiga mata maganin da aka rubuta mata, wanda ke buɗa baƙin tsakiyar ido. A idonta mai lafiya ake sa shi ya yi dishi-dishi, don ragon idon ya tashi ya yi aiki. Baba yana tsokanarta wai amaryarsa ta zama mujiya.

Ki zo in da hali. Ina jin tsoro ƙwarai.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Na amsa sallama, na kuma gaishe ku duka. Allah ya ba Baba lafiya. Ba zan ja gaisuwa ba, don raina a ɓace yake.

Kwana biyu! Mutum yana amai saboda ciwon ido kuna zaune kuna kallonsa? Me kuke jira, idon ya faɗo a tafin hannunsa?

Shekarata goma sha biyu a bayan kantar kantin magani, ba a banza nake tsayuwar ba. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma ƙarshenta ne ya hana ni sukuni. A ina kike ajiye kwalbar maganin Mitsitsiya? Wannan magani ba abin wasa ba ne. Wanda aka rubuta wa shi kaɗai ake ɗiga wa, bayan likita ya duba cikin idonsa. Akwai manyan da hanyar ruwan idonsu ƙunci gare ta tun asali, ɗigo ɗaya ya isa ya toshe ta.

Kuma na san ubanmu. Mutumin da ya shanye maganin tarin Mama don kada ya lalace, me zai hana shi taɓa na jikarsa? In an bar Baba da akwatin magani, an ba kura ajiyar nama ke nan. Ki ɗaga kwalbar a haske ki ga ko ta ragu fiye da ƙima. Ki tsare shi ki tambaye shi, kada ki bari ya yi miki dariyar nan tasa ya zille. In ya taɓa, dole likita ya sani, don maganin yakan yi mako biyu a ido yana ja da duk abin da za su sa masa.

Mai kantin ya yi tafiya, ni kaɗai ce, ba zan samu fitowa ba sai ya dawo. Ki gaida Mama, ki ce ta rage kuka.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga takardar.

Ba sai na ɗaga kwalba a haske ba. Baba bai taɓa ta ba. A saman kabad nake kulle ta, makullin yana wuyana. Duk abin da likita ya gaya min ina yi: in wanke hannu, ɗigo ɗaya tak, in danne gefen idon ta wajen hanci na minti biyu, in sa mata hula in za ta shiga rana, in fuskarta ta yi ja ko jikinta ya yi zafi in garzaya da ita. Ban taɓa kuskure ko ɗaya ba a kan yarinyar.

Ni ce na ɗiga masa, Yaya. Da hannuna.

Ranar Lahadi da safe ya shigo idonsa na dama ja wur, ƙurar tagulla ta faɗa masa wajen goge wani tsohon agogon bango. Ya same ni ina sa wa Mitsitsiya. Ya zauna a kujerar nan mai karyayyen hannu, ya ɗaga kai ya ce, "Auta, sammin na amaryata."

Na ce, "Baba, likita ya ce nata ne ita kaɗai."

Ya ce, "Ido ai ido ne. Abin da bai cuci yarinya 'yar shekara biyar ba, shi zai cuci ƙato kamata? Ko rowa za ki yi wa ubanki?"

Muka yi dariya. Na sa masa, har da danne masa gefen ido yadda aka koya min.

Kin tambayi abin da muke jira kwana biyu. Ni ce na ce a jira. Da ya fara cewa ba ya gani sosai, haske na damunsa, na ce masa haka maganin yake, ita ma Mitsitsiya haka take yi, zai wuce. Da ya yi amai na ce ko wani abu ya ci. Mama ta ɗauko mayafi za mu tafi, ni na zaunar da ita, don ni ce wadda ta san maganin a gidan.

A asibiti likita ya tambaye shi ko ya sa wani abu a idon. Baba ya juyo da na hagun ya kalle ni, ya ce, "Ban sa komai ba." Ni kuma na sunkuyar da kai. A hanyar gida ya ce in na faɗa wa kowa bai yafe ba, musamman ke, wai bakinki ya fi reza kaifi.

Ga shi na faɗa. Ki zage ni, ya fi min wannan shirun sauƙi.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Ba ni da lokacin zagi, ke ma ba ki da lokacin kuka.

Da wannan takarda ta shiga hannunki, ki ɗauki kwalbar da kwalinta, ki kama hannun Baba, ku tafi wurin likitan. Ki faɗi ranar, ki faɗi ɗigo nawa, ki faɗi wane ido. Ki ce ya duba na hagun ma, don yadda aka halicci wancan haka aka halicci wannan. Maganar bai yafe ba ki bar min ita, ni da shi ne. Gara ya yi fushi da ke yana ganinki.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Na ɗauko takarda na cika ta da maganganun da Baba ya ji miki tsoro. Sai na tuna wa ya cika gwangwanin biskit ɗin da ke ɗakin Mama. Ni ce. Duk zuwan da zan yi sai na zo da ragowar magunguna, in ce ga na ciwon kai, ga na ciki, kowa ya ɗiba. Ni na koya wa gidanmu cewa magani kayan rabo ne kamar gishiri. Na yaga waccan takardar na rubuta wannan.

Ki zubar da abin da ke cikin gwangwanin. Na Mitsitsiya kuwa kada ki fasa sa mata ko na rana ɗaya, nata ne, kuma yana mata aiki.

Ina nan tafe ranar Asabar, ko mai kanti ya dawo ko bai dawo ba.

Yayarki

*

Babbar 'yata,

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Ki yi haƙuri da rubutun, ya yi manya-manya, layin ma yana guduna.

Ƙanwarki ta karya maganata, ta kai kwalbar. Likita ya ce da mun faɗa tun ranar farko da wataƙila an yi wani abu. Ni na hana, ki rubuta wannan a kaina. Na daman ya tafi, ba zai dawo ba. Na hagun sun yi masa ɗan aiki da na'urar haske, sun ce ya tsira.

In kin zo Asabar, ki fara shiga ɗakin Auta kafin nawa. Ba ta iya kallon fuskata.

Jiya na buɗe shago. Na ɗauki gilashin nan da nake maƙalawa a ido in duba cikin agogo, na gwada shi a hagu. Shekara arba'in girar dama ce ke riƙe shi, ta hagu ba ta san aikin ba. Sau uku yana faɗowa kan tebur. A na huɗu na riƙe shi da hannu, na ga cikin agogon tar, sai dai babu hannun da zan yi gyaran da shi.

Na aika wa masu agoguna su zo su karɓi kayansu.

Sai kin zo.

Babanki