Kalmar da Na Karanta wa Yayana a Jikin Kwalba

Assalamu alaikum 'yan majalisa. Mai kula da zauren nan, don girman Allah ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, daga Bunkure na hawo mota na shigo kafen intanet a Kano saboda wannan saƙon kawai.

Ni malamin firamare ne. A ƙauyenmu duk takardar da ta zo da Turanci ni ake kawo wa, har Ƙamus suke kirana, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji. Yayana manomin tumatir ne a bakin kanal ɗin ban ruwa, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi bai yi boko ba amma ya tsaya sai da na yi. Sati uku da suka wuce tsutsa ta faɗa wa tumatirinsa, ya sayo wani sabon maganin feshi a kasuwar Kura, ya kawo mini kwalbar in karanta masa. Mutane na tsaye a wurin, ni kuma ina saurin in nuna na iya. Na ga an rubuta severe irritation da ja, idona ya karanta mini irrigation, wato ban ruwa, kalmar da tun muna yara muke gani a allunan bakin ruwa. Severe kuwa na san ta tun sakandare, shugaban makarantarmu kullum sai ya yi mana barazana da severe punishment, to a kaina ma'anarta mai ƙarfi. Sai na haɗa biyun, na ce masa magani ne mai ƙarfi da aka yi musamman don noman rani. Kun san mutanenmu, da an ce magani mai ƙarfi ne an gama yabonsa. Ƙananan rubutun da ke ƙasa ko kallonsu ban yi ba.

Washegari yana cikin feshi bakin famfon ya toshe, ya ɗaga yana dubawa, maganin ya fantsama masa a ido. Ya wanke da ruwan kanal ya ci gaba da aikinsa, sai da idon dama ya kumbura ya rufe, bayan kwana biyu, sannan muka kawo shi asibiti a birni. Likita ya karɓi kwalbar, ya ja layi da biro a ƙarƙashin kalmomin nan biyu, sai a lokacin na gane irritation ce, wato ƙuna da kumburi a jiki, ba irrigation ba, ya nuna mini inda aka ce a kare ido, in ya taɓa a garzaya asibiti nan take. Ya tambaye ni da Turanci ko ba wanda ya karanta musu, Yaya yana zaune bai san me ake cewa ba, na ce babu. Da ya rubuta a kati sai na sake ganin severe ɗin nan. A mota Yaya ya tambaye ni me aka rubuta, na ce ɗan ƙuna ne zai warke. Ƙarya biyu ke nan a yini ɗaya.

Na je makaranta na buɗe ƙamus na gaskiya. Ashe severe ɗin nan ana faɗarta ga mutum mai tsanani marar fara'a, ana faɗarta ga hukunci, ga sanyi ko fari, har ga tufafin da ba su da ado, sannan ga ciwon da ya yi muni ƙwarai. Na bi layi-layi ina neman inda take nufin yabo, ko ɗaya babu. Tun ranar, in na ji an ce Ƙamus sai in yi kamar ba da ni ake ba. Masu aikin asibiti a cikinku ku faɗa mini gaskiya, in likita ya rubuta ta, idon ya tafi ke nan, ko akwai wata kalmar da ta fi ta muni?

Babban tashin hankalin shi ne, maƙwabcin gonarsa Malam Ado da wasu mutum biyu sun sayi irin kwalbar saboda sun ji bayanina, kuma jibi za su yi feshi. Su a ganinsu tsautsayi ne kawai ya samu Yaya. Na yi tunanin in ce likita ne ya hana, amma abu na farko da za su tambaya shi ne, ba kai ka karanta ba? Matar Yaya ma ta fara zargi, jiya ta tsare ni a tsakar gida wai me aka rubuta da jan nan, muka yi cacar baki, na ce mata aikina ne ba nata ba. Yaya ya jiyo mu daga ɗaki, ido a ɗaure da bandeji, ya ce mata, “Ƙyale mini yaro. Da akwai haɗari a jiki da ya gani, ai don irin wannan ranar na kai shi makaranta.”

Su Malam Ado dole in tsayar da su gobe, wannan na sani, kuma kafin la'asar maganar za ta iso gida. To in fara shiga wurin Yaya in faɗa masa da bakina, ko in jira a kwance bandejin ranar Litinin mu ga ko idon yana nan? In kuma zan shiga, 'yan'uwa, da wace kalma zan fara?