Fitilun Motar Ammu Bakur

Zuwa ga yayana, Malam Sale makanike,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida a Bichi. Mu nan Makka lafiya lau, sai zafi.

Na rubuto ne in sanar da kai cewa fitilun motar Ammu Bakur sun tashi, duka biyun, a tare. Na rubuta ta buɗaɗɗiyar wasiƙa inda kowa zai gani, domin a gaban mutane aka ɗora maka laifin, alhali ba naka ba ne.

Ka tuna ranar da aka jawo ta warsharmu, wato garejinmu. Jar mota ce 'yar Amurka, kujera biyu, dogon hanci, fitilunta a kwance cikin bonet sai an kunna su ɗago. Ammu Bakur ya saye ta yana saurayi, ta kuma daɗe a rufe a ƙofar gidansa a unguwar Zahir. Shi haifaffen nan ne, kakarsa ce ta zo daga Katsina, Hausarsa ma irin ta tsofaffi ce gauraye da Larabci. Ciwon suga ya fara taɓa idonsa. Burinsa ɗaya, ya tuƙa ta da hannunsa ya hau Ɗa'ifa kafin likita ya raba shi da sitiyari. Amma ba ta da ikon hawa titi sai ta ci fahas, wato gwajin hukuma, kuma masu duba lafiyar mota ba sa sa hannu fitilu na kwance.

Ni na ɗauki gyaran jiki da fenti, kai ka ɗauki inji. Cikin wata biyu inji ya tashi. Fitilun ne suka ƙi.

"Ba wuta ke ɗaga su ba, Isa, iska ce," ka ce mini. "Inji ke zuƙa, tiyo ya kai zuƙar cikin tanki, tanki ya ajiye. In ka ja makunni, ita ke ɗaga murfin. Duk inda ta sami 'yar kafa, ta zurare."

In mota na tsaye, ta dama takan tashi a hankali, ta hagu ta tsaya rabi. In aka taka mai a hawan Nakkasa, babu wadda ke motsi.

Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Tiyo mai jan layi, mai kore, mai rawaya. Ka cire, ka toshe baki ɗaya da yatsa, ka zuƙe da famfon hannu, ka zuba wa allurar geji ido. Wanda ya riƙe iska ka ɗiga masa farin fenti. Ka canza robobin gwangwanayen da ke tura fitilun. Aikin na tafiya, amma ba da saurin da Ammu Bakur ke so ba, shi da idonsa ke raguwa kowane mako.

Rannan bayan la'asar, maƙwabtan warsha na zaune ana shan shayi, ya ce, "Mu'allim Sale ya tsufa. Hannu ya gaji." Ka ci gaba da aikinka. Ni ne na tanka, kuma ba don in kare ka ba. Na ce a cire tarkacen nan duka a sa ƙaramin injin lantarki, a huta. Ka ce, "Ba a kawo mana ita don mu mai da ita wata motar ba." Sai na ce, "Yaya, in abin ya fi ƙarfinka ka faɗa."

Ka dube ni, ka goge hannunka da tsumma, ka tafi alwala.

Bayan kwana biyu, da hantsi, masu duba takardu suka shigo layinmu. Iƙamarka, takardar izinin zamanka, ta mutu tun rasuwar kafilinka da ya tsaya maka, mun kuma yi ta cewa za a gyara. Ni ina unguwar Mansur sayen fenti. Da na dawo, tabaraunka kawai na tarar a kan bonet. Daga gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, aka sa ka a jirgi, ba mu yi sallama ba.

Na rufe motar da tamfol shekara ɗaya da rabi. Ban sa injin lantarkin ba, ban kuma taɓa tiyonka ba. Ammu Bakur ya daina zuwa.

Watan jiya 'yarsa ta aiko cewa idon ya kusa tafiya gaba ɗaya, a mayar masa da motarsa a yadda take. Na ji nauyin in kai ta haka. Sai na buɗe akwatin kayan aikinka, na ɗauko famfon da gejin, na bi ɗigon fentinka tun daga inji. Kowane tiyo na sake gwadawa, kowanne ya riƙe. Bawul ɗin da ke hana iska komawa ya riƙe. Makunni ya riƙe. Abu ɗaya ne babu ɗigo a jikinsa, wato tankin da ke ɓoye a bayan bamba.

Na zuƙe shi, allura ta hau, ta sauko tun ban saki famfon ba. Na laluba ko'ina ban ga tsaga ba. Washegari na aro kaskon turaren wutar matata, na hura hayaƙi cikin tiyo, na kwanta a ƙarƙashin motar. Hayaƙin ya fito siriri ta bayan lambar mota.

Sukurun da ya riƙe lambar ne, Yaya. Ni na ɗaura shi bayan na gama fenti. Na tuna lokacin da nake huda ƙarfen, bakin na'urar ya zarce, na ji ya faɗa wani wuri fanko, ban tsaya na duba ba. Sukurun ya shiga cikin tanki ya toshe hudar rabi da rabi, shi ya sa fitilun ke tashi rabi.

Na daɗe a kwance a wurin. Tankin nan kaɗai ya rage maka. Da an bar ka yini ɗaya da ka kai gare shi, da kuma ka gane sukurun wane ne.

Na sauke tankin na liƙe shi da walda, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Ta ci fahas a zuwan farko.

Da na kai ta Zahir, na tarar da Ammu Bakur a zaune da abokansa, na faɗa masa komai a gabansu. Ya juya sandarsa. Sannan ya ce, "Ya waladi, ka gaya masa na zalunce shi. Ka faɗa masa da Hausa, yadda zai ji sosai." To ga shi na faɗa.

Ranar Asabar da safe muka hau Ɗa'ifa. Ni na tuƙa, shi yana gefena, ya sa sabuwar farar riga. Da muka shiga ramin dutsen nan na bakin gari, ya ce in ɗora hannunsa a kan makunni. Ya miƙo, ya ja. Muka ji ƙarar murfin ya kama, kap.

"Biyun?" ya tambaya.

"Biyun," na ce.

Da muka fara hawan dutse, ya ce in sauke gilashi ya ji sanyin. A can sama ya sayi rumman, ya ce rabi naka ne. Na rasa yadda zan yi da su, na raba wa maƙwabtan warsha da sunanka.

Yaya, kai ka riƙe ni tun rasuwar Baba, kai ka nemo mini biza, kai ka fara ɗora mini guduma a hannu. Ban taɓa neman gafararka a kan komai ba, don haka ban san yadda ake yi ba. Ka yafe mini abin da na faɗa maka a gaban mutane.

Allah ya buɗa maka a inda kake, ya ƙara wa idonka da hannunka lafiya. Allah ya ba Ammu Bakur sauƙi, ya jiƙan iyayenmu. Allah ya sake haɗa fuskokinmu, ko a nan ko a gida, muna masu rai. Amin.

Ƙaninka,
Isa
Makka