Awa Uku Ba Tabarma

Brisbane,
16 ga Satumba.

Zuwa ga Gwaggo Melenaite, a Pangai, ƙasar Tonga.

Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi da biyayya, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma jiƙan Baba, ya ba mu haƙurin rashinsa. Mu nan lafiya lau, sanyi ya fara ja baya. Kawu Sitaleki da nake zaune a gidansa ya warke daga mura, har ya koma aiki. Na ba matar fastonmu wannan takarda ta kawo miki hannu da hannu, don maganar da ke cikinta ba wadda zan iya faɗa miki a waya ba ce.

Gwaggo, a zangon karatunmu na yanzu akwai wani darasi da ba a aji ake yinsa ba, a ɗakin gwaji ake yi. Muna auna yadda ruwa ke gudu a bututu, da yadda zafi ke ratsa ƙarfe. Ranar farko aka ba mu takardar dokoki, shafi goma sha ɗaya, har yau ban gama gane ta ba. Wai da biro za a rubuta awo, in ka yi kuskure ka ja masa layi ɗaya, kar ka goge. Wai har maki ake ba mutum in ya faɗi iyakar kuskurensa. Ni da na tashi ana dukan hannuna kan ƙazantar littafi! Amma dokokin da suka ɗaure ni biyu ne. Gwaji shida ne, wanda ya rasa ko ɗaya ya faɗi, sai baɗi. Sannan ba a shiga da sutura mai reto.

Kin san ke da hannunki kika ɗaura mini ta'ovala ranar jana'izar Baba, kika ce tabarmar makokin nan ta zauna a ƙuguna duk inda zan fita sai an cika kwana ɗari. Ban taɓa fita babu ita ba. A gwaji uku na farko, Mista Pengilly, dattijon da ke kula da injuna, ya bar ni na ɗora rigar aiki a kanta. Da muka zo na huɗu, na injin tura ruwa mai sandar ƙarfe da ke juyawa, sai ya tare ni a ƙofa. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce ya san abin da take nufi, amma in sandar ta cafki zare ɗaya daga bakin tabarmar, kafin ya kai hannu makunni ta naɗe ni, kuma shi ba zai iya kallon uwata ya yi mata bayani ba. Ya ce akwai ranar ramuwa guda ɗaya tak, Alhamis, in je in yi shawara.

To, shawarar ce ta ƙara rikita ni. Darcy, wani sarkin surutu da muke rukuni ɗaya, ya ce haba, awa uku ne fa, wa zai hango ni daga Tonga, ko Gwaggon nan tawa tauraron ɗan'adam gare ta? Wata dattijuwa a coci ta ce ita ko asibiti da tata ta kwanta, yaran yanzu ne dai ba su da ta ido. Kawu kuwa hannu ya ɗaga, ya ce shi ɗan'uwan uwa ne, ina shi ina kwance abin da 'yar'uwar uba ta ɗaura, so nake a ce ya yi rashin kunya da furfurarsa? Na ɗauki waya zan kira ki ya fi sau biyar, ina ajiyewa. Tsoro nake ji ki ce a'a, kuma wallahi ina jin tsoron ki ce i don tausayina kawai.

Gwaggo, na kwance ta. Jiya Alhamis, a bakin ƙofa, ba da izininki ba. Na naɗe ta, Mista Pengilly ya karɓa da hannu biyu ya sa a ofishinsa. Na zaci zan ji kamar tsirara nake, ko in kasa riƙe biro don kuka. Ba haka aka yi ba, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Da injin ya tashi, ni ce mai murɗa famfo ina karanta allurar ma'auni, Darcy, da shi ma ya zo ramuwa, yana rubutawa. Muka yi awo goma sha biyu, suka hau layi tsaf, har wani bututu ya fesa wa Darcy ruwa a fuska na yi dariya da ƙarfi. Sai da na fito aka miƙo mini tabarmar na tuna cewa Baba ya rasu. Awa uku cur ban tuna da shi ba. Na zauna a matakala na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka binne shi, kuma ban san ko na baƙin ciki ne ko na kunya ba.

Yanzu tana ƙuguna. Ban sani ba ko kwanakin da na yi sun lalace in sake ƙirga daga farko, ko abin da na yi yana da gyara. Ga shi gwaji na shida, ran uku ga Oktoba, shi ma da fanka mai juyawa ne, kwana ɗarin kuma ba za su cika kafin nan ba. In kin ce kar in sake kwancewa, ba zan kwance ba, zan maimaita shekarar ba tare da ƙorafi ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, Gwaggo, ina son in shiga ɗakin nan.

Ki gaishe mini da Inna, amma don Allah kar ki karanta mata wannan sai kin yanke hukunci. Ina gaida Yaya Fonua da matarsa Losaline, da ƙanwata 'Ilaise, da Kaka Tupou. Matar fasto za ta dawo ran ashirin da takwas, ki ba ta amsarki, zan je taryarta filin jirgi.

'Yarki mai jiran maganarki,
Kalolaine