Katin da Ba Ya Ƙarewa

Asenkwa, watan Yuni

Yayana Twumasi,

Gaisuwa da sunan Ubangiji. Ya Kumasi, ya baƙin man gareji? In har kana tuna kana da ƙanwa, to ga ni nan da cikina, yana gaba ina bin sa a baya.

Maganar uwarmu Maame ce ta sa na ɗauki biro. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, daga ɗaki zuwa madafa sai ta dafa bango tana haki. Jiya taɓarya ta gagare ta, ni na daka fufu. Ka san uwarmu, kafin ta sakar wa wani taɓarya, abu ya kai inda ya kai.

Na ce mu je asibiti, tunda ga katin lafiya da aka yi mana bara, ranar da masu ɗaukar hoto suka zo gindin mangwaro. Ta ce, "Ke da aka haifa jiya za ki koya mini ciwo? Tsufa ne." Ganyen darbejiya take ta dafawa. Ka rubuto, kai ta fi jin maganarka.

Ƙanwarka,
Pomaa

Kumasi, watan Yuli

Pomaa,

Ina gaishe ku duka. Ki karanta mata wannan da ƙarfi.

Maame, zamanin sai ka biya kafin likita ya taɓa ka ya wuce. Abokin aikina Amankwa inji ya datse masa yatsu, aka ɗinke shi, kati kawai ya nuna. Ki bar darbejiya ki shiga mota.

Ke kuma Pomaa, ina amfanin makarantar da kika yi in tsohuwa ɗaya ta fi ƙarfinki? Ba zan iya barin gareji yanzu ba, maigida ya yi tafiya. Ki kai ta.

Twumasi

Asenkwa, watan Agusta

Yaya Twumasi,

Ina gaisuwa, ko da yake faɗa daga nesa ba wuya. Zo ka ɗauke ta da kanka mu gani.

Na gano dalilinta, kuma tun da na ji zuciyata ba ta kwanta ba. Na je neman katin, na same shi a ƙasan akwatinta, naɗe cikin zanen kenten da ta ajiye don ranar jana'izarta. Ta fizge, ta ce, "Kar ki taɓa! Na haihuwarki ne."

Yaya, a ganinta katin nan kamar kwalbar kananzir yake, in ka tsiyaya ya ragu. Tana tsoron ta shanye shi a kan ƙafafunta, ranar naƙudata a ce babu saura. Na ɗauko nawa na nuna mata, ga hotona. Ta ce, "Haihuwa ba a shigar ta da hannu ɗaya. In naki ya ƙare a tsakiya fa? Na ga yadda aka bar maƙwabciyarmu Oforiwaa a kan bencin asibiti tana zubar da jini, mijinta yana yawon neman mai sayen kokon gonarsa don ya biya. Gwamnatin da na sani ba ta taɓa ba mu abu sau biyu ba."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Fasto ma ya yi, ta ce shi bai taɓa haihuwa ba. Dabara ɗaya ta rage mini: ta rantse ita za ta raka ni asibiti. In ta shiga da ƙafarta, ba za ta fito ba sai an duba ta. Ka sa mu a addu'a, yanzu a zaune take barci.

Taka,
Pomaa

Asibitin gunduma, watan Satumba

Yayana,

Ina gaishe ka. Ka nemi wuri ka zauna.

Na haifi mace, lafiya lau. Maame ta rasu.

Da muka iso, ta kwance bakin zane ta miƙa wa nas katinta, ta ce, "Ki haɗa da na 'yata, ban taɓa ko ɗigo ba." Nas ta fara dariya, sai idonta ya sauka kan ƙafafun Maame, dariyar ta tsaya. Nan take aka ba ta gado. Likita ya ce zuciya ce, ruwa ya cika huhu. Ya ce da ta zo tun farkon damina, da ƙwayoyi sun riƙe ta.

Kafin ta cika, Maame ta ga jikarta, ta ce hancinka ne da ita, Allah ya ba ta haƙuri. Sannan ta ja hannuna ta ce, "Me suka ce a biya?" Na ce babu. "Naki da nawa duka?" Na ce duka. Ta daɗe tana kallon rufi, ta ce, "Ashe da gaske ne. Ki gaya wa Dufie, ita ma nata yana akwati."

Ka san Maame Dufie, aminiyarta, tari ya kusa karya ta. Yaya, baƙin ciki ya hana ni jin daɗin 'yata.

Pomaa

Kumasi

Ƙanwata,

Na gaishe ki da jaririya. Na kasa rubutu. Ina nan tafe kafin zaman makoki na mako. Ki isar da saƙon Maame, kar ki jira ni.

Yayanki

Asenkwa

Yaya,

Gaisuwa. Na je da goyona, na faɗa wa Maame Dufie komai, kalma da kalma. Ta saurara tana tari, ta share hawaye. Sannan ta ce, "'Yata, uwarki ta yi damina guda tana fama a gida ba ta mutu ba. Ta shiga asibiti da katin nan, aka dawo mana da gawa. Ni kam nawa yana inda yake."

Ta roƙe ni in taya ta tura akwatin ƙarƙashin gado, don ba ta da ƙarfi. Na taya ta.

Sai ka zo,
Pomaa